Allon da Na Rataye a Ƙofar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci cuta Ya halicci maganinta, Wanda ba Ya tambayar bawa garinsu kafin Ya ba shi numfashi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu, da alayensa da sahabbansa. Sallama irin ta Musulunci gare ka, Mai Sunan Malam, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa a bayanka.

Bayan haka, ina roƙon Allah Ya sauke ka Doguwa lafiya, Ya tsare ka a hanyar dajin nan, Ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama. Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi. To amma akwai maganar da kunya ba ta isa ta binne ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami ya yi mini abin da baki ya kasa. Za ka tarar da takardar a jakarka bayan ka sauka.

Shekaranjiya, da 'yan kwamitin lafiya suka taru a ƙofar gida yi maka addu'a, na ji ka daga zaure kana cewa da zarar ka karɓi ragamar asibitin da aka tura ka, za ka fara da rataye allo irin na mahaifinka a bakin ƙofa. Ka ce can ma baƙi sun yi yawa, makiyaya daga wasu ƙasashe da masu haƙar ma'adinai a duwatsu, maganin gwamnati kuwa kaɗan ne. Mutane suka yi ta sa maka albarka, ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ni kuwa na kasa cewa amin. Kada ka rataye allon nan. Wannan ita ce wasiƙar gaba ɗayanta. Sauran abin da zan rubuta hujja ce, kuma hujjar a kaina take.

Ka san abin da ke jikin allon: ba a ba baƙon ƙasar waje maganin kyauta sai mai masaukinsa ya zo da kansa ya tsaya masa. Da hannuna na rubuta shi da ajami, na sa malamin makaranta ya maimaita da boko a ƙasa, kuma kowace shekara ni nake sabunta tawadarsa. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin rubuta shi, domin lokacin kana makarantar kwana, kuma labarin da gari ya riƙe ba shi ne gaskiya ba.

A shekarar aka naɗa ni shugaban kwamitin asibitinmu na nan bakin dam. Ba don na san magani ba. Cewa aka yi ana son mai tsoron Allah ya riƙe amana. Jami'in asibitin shi ne marigayi Malam Garba, wanda kowa ke kira Likita. Gab da girbin shinkafa, lokacin da kububuwa ke yawa a gefen magudanan ruwa, gwamnati ta aiko mana da kwalabe huɗu na maganin dafin maciji. Likita ya sa su a firiji yana lallaɓa su kamar ƙwai. Ya ce mini, "Malam, waɗannan su ne ƙafafun manomanka. In sun ƙare, sai baɗi."

A cikin kwanakin Alhaji Mamuda ya zo ganin gida. Ɗan garin nan ne da ya daɗe yana kasuwanci a ƙasar Turawa. Ya zo da abokin cinikinsa, wani dogon Bature mai fara'a, ya sauke shi a otal ɗin bakin tafkin Bagauda, kullum da safe ya kawo shi ganin gonaki. Wata rana da hantsi Baturen ya shiga ciyawa da takalmin da bai rufe idon sawu ba, wani abu ya sare shi. Aka kwaso shi a mota zuwa asibiti, gari ya biyo baya.

Likita ya duba wurin saran, ya ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba ya ajiye, ya ce a jira a ga ko zai daskare. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba na jin mai dafi ne. Babu kumburi, dasashinsa bai yi jini ba. Mu ba shi ɗan lokaci." Ni kuwa na dubi taron da ke waje, na dubi Alhaji Mamuda yana share gumi, na ce a raina yau sunan garinmu zai ƙetare teku, ko da alheri ko da sharri. Na ce, "Baƙo ne. In ya mutu a hannunmu, da wane ido za mu dubi duniya? Ba shi."

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Duk abin da zai sa hankali ya kwanta."

Ya yi mini wani kallo da har yau nake gani, sannan ya buɗe firijin. Aka ɗura masa uku. Kafin ta ukun ta ƙare, jinin da ke cikin kwalba ya daskare sarai, alamar babu dafi tun da fari.

Kashegari Baturen ya zo zaurena da kansa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma yana fama da inda zai sa dogayen ƙafafunsa. Alhaji Mamuda ya yi tafinta, Likita yana gefe. Ya ce a ƙasarsu ma asibitin gwamnati na jama'a ne, kuma baƙo mai hali yakan mayar da abin da aka kashe masa. Ya ce tun kafin ya taso ya yi inshora domin irin wannan rana, saboda haka a bar shi ya sayo maganin a Kano ya cika firijin. Likita ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Ni kuwa sai girma ya hau mini kai. Na yi gyaran murya na ce, "Gaya masa mu Musulmi ne. Baƙo ba ya biyan ruwan da ya sha a gidanmu." Na kawo masa bayani a kan karrama baƙo, mai tsawo, mai daɗi, har Alhaji Mamuda ya gaji da fassara. Baturen ya sake roƙo, na sake ƙi. Ya dafa ƙirji ya ce bai taɓa ganin mutanen kirki irinmu ba. Wannan yabon nake nema, kuma na samu.

Da suka tafi, mahaifiyarka ta leƙo, domin ta ji komai ta bayan katanga. Ta ce, "Malam, kyauta ta yi kyau. Daga wane rumbun naka aka ɗebo?" Na ce wannan ba maganar mata ba ce. Ta ce, "Haka ne. Ai maciji ma maza yake sara." Ta koma kan turminta.

Ga abin da zan ce maka a kan wannan. Karamci da abin hannunka ake yin sa. Maganin asibiti ba naka ba ne, ba na kwamiti ba ne. Na matar da ba ta zo ba tukuna ne, da manomin da bai taka macijinsa ba tukuna. Na karantar da babin amana sau ba adadi, na san mai riƙon maraya ba shi da ikon yanka wa baƙonsa akuyar maraya. Na sani, na aikata. Idan baƙo mai hali ya zo, ka yi masa magani da kyau. In ya ce zai mayar wa asibiti abin da ya ci, ka karɓa ta hanyar da hukuma ta tsara, ka gode masa. Karɓar ba rowa ba ce, ƙinta ne riya. Kuma idan iliminka ya ce a jira, ka jira, ko da mai rawani ne a tsaye a kanka. Ko da ni ne.

Ba a yi mako uku ba kububuwa ta sari Tanko, maƙwabcinmu na bayan gida, yana ɗaurin damin shinkafa. Aka ba shi kwalbar da ta rage, ba ta ishe shi ba. Aka nemi mota zuwa Kano; kafin a samu wani maganin ƙafar ta lalace. Ya dawo da ransa, ƙafar ta tsaya can. Kai ka fi saninsa a kan sanduna, yana saƙar tabarma a gindin darbejiya. Ni na san shi yana tsallake magudana da buhu a ka.

Gari ya ɗauki zafi. A majalisa da bakin kasuwa magana ɗaya ake yi: baƙi sun cinye mana magani. Ba wanda ya ambaci Bature, domin ya tafi, ya kuma bar tsaraba a gidaje. Idon mutane ya faɗa kan masuntan Mali, waɗanda ke zuwa kowace shekara su kafa bukkoki a bakin dam su jefa gurarsu ta kamun kifi, matansu suna zuwa awo, 'ya'yansu suna karɓar maganin zazzaɓi. Aka kira taro. Ina zaune a gaba, Likita yana kallona yana jira in ce: an so a cika firijin, ni na hana. Ban faɗa ba. Maimakon haka na miƙe na yi jawabi a kan cewa na gida shi ne farko, na kawo hujjoji masu kyau, domin wanda ya yi karatu ba ya rasa hujja. A ranar na rubuta allon. Na zaɓi sharaɗin mai masauki ne don ya yi kama da al'adarmu, kada a ce mun kori baƙo. Na ce ai ko a zamanin da, fatake ba sa ciniki a gari sai da mai masauki. Jama'a suka ce Malam ya yi basira.

Na rarrashi kaina da cewa Allah Yana son bawa ya rufa wa kansa asiri. Gaskiya ne, a zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma wanda ya yaye mayafin wani ya rufe kansa da shi, ba sutura ya yi ba, sata ya yi. Ranar da magani ya yanke a hannunka, mutane za su nemi wanda za su ɗora wa laifi, kuma yatsa yakan nufi wanda ba shi da dangi a gari. Kafin ka bar su su nuna, ka bincika ɗakinka: wa ya ɓarnatar, wa ya makara wajen nema, wa ya ji nauyin karɓa. In kai ne, ka faɗa a ranar. Laifin da aka faɗa da ɗuminsa ɗaci kawai gare shi. Wanda ya kwana, dafi yake zama.

Yanzu na iso inda na daɗe ina riƙe da alƙalami ban rubuta ba.

A cikin masuntan akwai wani mai suna Bakari, siririn mutum mai yawan murmushi, Hausarsa guntu-guntu. Yakan zo Juma'a ya tsaya a sahun ƙarshe. Yana da 'ya mai suna Kadi, ba ta wuce shekara biyar ba. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama ta, har ya kai ga jijjiga. Ya saɓo ta a kafaɗa tun daga bakin ruwa, bayan azahar, uwarta tana biye. Ranar Likita ya tafi sakatariya karɓo kaya; mataimakiyarsa ce kaɗai, sabuwar ma'aikaciya mai tsoron kwamiti. Ta nuna masa allon. Mai masaukinsa, Ɗanladi dillalin kifi, ya kai banda Kano, wayarsa ba ta shiga. Allurar da yarinyar ke bukata tana cikin kabad, taku uku daga inda yake tsaye.

Ma'aikaciyar ta ce ya je wurin shugaban kwamiti, in ya yarda shi ke nan. Ya bar yarinyar a kan benci, ya zo zaurena a guje. Ya tarar ina ba dattawa karatu, su shida, littattafansu a buɗe, a cikinsu akwai yayan Tanko. Ya durƙusa ya ce, "Malam, yarinya. Jiki yana rawa. Kai tsaya mini."

Da ni kaɗai ne a zauren, ina kyautata zaton da na tashi. Amma yayan Tanko ya ɗago ido ya dube ni, ni kuma na tuna hannuna ne ya rubuta dokar. In na karya ta yau, gobe za a tambayi dalilin kafa ta. Na ce, "Bakari, doka ta jama'a ce, ba tawa ni kaɗai ba. Ka ƙara neman Ɗanladi. In an yi la'asar bai dawo ba, zan zo mu gani." Ya ce, "To, Malam. Na gode." Ya fita da baya-baya saboda girmamawa. Na ci gaba da karatu. Allah ne shaida, babin rabon zakka muke kai, inda aka ambaci haƙƙin matafiyin da guzuri ya yanke masa. Na fassara shi tsaf, ban yi tuntuɓe ba.

Mahaifiyarka ta buga ƙyauren ciki, na leƙa, na tarar ta yafa mayafi. Ta ce, "Malam, lokacin da ruwan Tiga ya ci garinmu, aka sauke mu a nan da tukwane da kaji, wa ya tsaya mana? Innarka, Allah Ya ji ƙanta, da ta kwanta ciwo a rumfar kara, matan ƙauyen nan da suka yi jinyarta sun tambayi mai masaukinta?" Na ce ta bari in idar da karatu. Ta ce, "Idar. Ni jahila ce, zan je in tsaya masa." Ta fita ta ƙofar baya. Ita da ba ta taka waje sai da izinina, ranar ba ta nema ba, kuma ina fatan Allah Ya sa wannan fitar a cikin mafi nauyin ayyukanta. Ta isa ta ce ita ce mai masauki, aka yi allurar. An makara. Ana kiran la'asar yarinyar ta cika.

Ni na yi mata salla. Wa zai yi in ba ni ba? Na tsaya a gaba da rawanina, na yi kabbara huɗu a kan ɗan likkafanin da bai kai tsawon sandata ba. Da muka dawo daga maƙabarta Bakari ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ka yi wa baƙo salla kamar ɗan gari. Allah Ya biya." Da masuntan za su tashi, ya kawo mini sabuwar gura, saƙar hannunsa. Ita ce wadda ke rataye a zaure, wadda ka taɓa sa mahaifiyarka ta tambaye ni me ya sa ba a kai ta ruwa. Bai sake dawowa ba. Na yi shekaru ina tambayar masunta; wani ya ce ya koma wani tafki, wani ya ce bai san shi ba.

Ajali ba ya gaba, ba ya baya. Na yi imani da haka. Amma ƙaddara ba ta wanke hannun wanda ya rufe ƙofa. Saboda haka magani tukuna, tambaya daga baya. Mai jijjiga, da mai naƙuda, da mai zubar jini, da wanda maciji ya sara, ba su da ƙasa sai sun farfaɗo. Bayan nan ka tambaya, ka nemi mai hali ya mayar, ka kai kuka sakatariya cewa mutanenka sun fi maganinka yawa, ka yi ta zuwa har su gaji da ganinka. Ban ce maka magani ruwan dam ba ne. Yana ƙarewa, kuma damuwar da ta sa ka tunanin allo damuwa ce ta gaskiya. Za a yi ranar da za ka tsaya da kwalba ɗaya da mutum biyu. A ranar ka duba wanda ya fi kusa da mutuwa, kada ka duba wanda ya fi kusa da gida. Kuma kada ka kafa dokar da, ranar da ba ka nan, mai tsoro zai tsaya a gabanta ya kasa tsallakewa.

Za ka ce tun da aka rataye allon magani ya rage yankewa, haka gari ke faɗa. Ka tambayi kanka ina masuntan suka koma kai 'ya'yansu. A duk shekarun nan ban ga allon ya tsayar da baƙo mai mota ba ko sau ɗaya. Mai mota yana da masu masauki goma tun kafin ya sauko.

Jiya bayan la'asar na je wurin Tanko. Da ya hango ni ya ce, "Yau Malam da kansa? Ko tabarmar zaure ta mutu?" Ya turo mini sabuwa, na zauna a ƙasa. Na faɗa masa komai, tun daga kwalabe uku har zuwa taron da na yi shiru da mutuwar Kadi. Bai daina saƙa ba. Da na gama ya ce, "Likita ya gaya mini kafin ya rasu. Ya ce kada in tona, in bar ka ka zo da ƙafarka, tunda kai kana da biyu."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Kullum in ka wuce masallaci sai in ce yau ne. Har na fara tsoron kada ɗayanmu ya riga."

Na ce, "Ka yafe mini, Tanko?"

Ya ja kaba ya ɗaure, sannan ya ce, "Ƙafar tawa ce, na yafe. Yarinyar kuwa ba tawa ba ce, Malam. Ita ba ni da ikonta."

Daga nan na wuce asibiti na sauke allon. Ranar Juma'a zan tsaya bayan salla in faɗa wa gari abin da na faɗa maka. Na fi so ka ji daga hannuna kafin ka ji a bakin direbobin tasha. Mai yiwuwa su karɓe kwamiti, mai yiwuwa zauren karatu ya rage cika. Mai yiwuwa kai ma ka ji nauyi in an tambaye ka ɗan wane ne. In haka ta faru, ban ga laifinka ba.

Na wanke allon da kaina. Tun ina saurayi nake wanke allo ina ba marasa lafiya su sha. Wannan ruwan ban ba kowa ba, na kai shi bayan gari na zuba inda ba a takawa. Allon shi ne ƙunshin da mahaifiyarka ta sa a ƙasan jakarka, a naɗe cikin tsohon rawanina. Babu rubutu a jikinsa, kuma ina roƙonka ka bar shi haka. Ba ni da inda zan sami Bakari, amma 'yan'uwansa za su zo ƙofarka, wani da sandar kiwo, wani da diga, da Hausa guntu-guntu. Ranar da ɗaya ya zo da yaro a kafaɗa ba shi da mai tsaya masa, ka tsaya masa, ɗana. In an tambaye ka wane ne mai masaukinsa, ka ce mahaifinka ne, ya makara ne a hanya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa waraka a hannunka da gaskiya a bakinka, Ya kare ka daga son yabo da tsoron idon jama'a. Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya ji ƙan Kadi da Likita da iyayenmu, Ya sanyaya zuciyar Bakari a duk inda yake. Wanda kuma ya karanta wannan takarda, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira, kada Ya bar shi a ƙofar da babu mai tsaya masa. In ya samu sarari, ya roƙa wa marubucinta gafara. Amin.

Wassalam,
Mahaifinka.